Kayan Aro da Sharaɗinsu: Tarihin Tallafin Gwamnatin Amurka ga Babban Taron 'Yan Sikawut na Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Duk gwamnati tana da ido a kan matasan ƙasarta, sai dai hanyar da kowace ke bi wajen kama hannunsu ta bambanta. Wata takan kafa ƙungiyar matasa tata ta kanta, ta tilasta wa yara shiga. Wata kuwa takan bar jama'a su kafa tasu, sa'an nan ta tallafa musu da fili da kayan aiki da ma'aikata. Ƙasar Amurka hanya ta biyu ta bi, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar babban taron 'yan sikawut na ƙasa, wanda aka fara a shekarar 1937.

Wannan maƙala za ta bi diddigin tallafin da gwamnatin tarayyar Amurka ta riƙa bai wa wannan taro tun daga farkonsa. Za a dubi yadda tallafin ya faro, da yadda ya zama doka, da shari'ar da aka tabka a kansa, da kuma halin da ya shiga daga baya. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, tallafin bai taɓa zama kyauta tsagwaronta ba. Musaya ce: ƙungiya ta sami fili da tantuna da martaba, gwamnati kuma ta sami dandalin magana da matasa da filin horar da sojojinta. Farashin da ƙungiyar ta biya shi ne, dokokinta na cikin gida sun zama abin da kowane mai biyan haraji yake ganin yana da ta cewa a kansu.

2.0 Asalin Ƙungiyar da Ma'anar Kalmomi

Kalmar sikawut ba baƙuwa ba ce a Hausa. An aro ta daga Ingilishi ta hanyar makarantun boko na zamanin Turawa, domin tun shekarar 1915 harkar ta shigo Nijeriya. Asalin ma'anarta a Ingilishi ta soja ce, wato wanda akan tura gaba ya leƙo halin da abokan gaba suke ciki. Wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Robert Baden-Powell shi ya ɗauko kalmar ya ɗora wa tsarin tarbiyyar yara maza. A watan Agusta na 1907 ya gwada tsarin da yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, a 1908 kuma ya wallafa littafin da ya zama jagoran harkar.

Ita kuwa kalmar jambori, wadda ake kiran babban taro da ita, a Ingilishin Amurka na ƙarni na 19 tana nufin shagali mai hayaniya. Baden-Powell ya zaɓe ta ga taron duniya na farko da aka yi a birnin Landan a 1920, inda yara kimanin 8,000 daga ƙasashe 34 suka hallara. Tun daga nan duk wani babban zaman sansani na 'yan sikawut, na duniya ne ko na ƙasa ɗaya, da wannan suna ake kiran sa.

A Amurka, wani mai gidan jarida na birnin Shikago, William D. Boyce, shi ya yi wa ƙungiyar rajista ranar 8 ga Fabrairu, 1910, da sunan Boy Scouts of America. Ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ma'aikatar gwamnati ba. Amma tun tana jaririya ta jingina da hukuma. Shugaba William H. Taft ya karɓi muƙamin shugaban girmamawa na ƙungiyar, al'adar da magadansa suka ci gaba da bi. A watan Yuni na 1916 aka yi abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, dokar tsaron ƙasa ta wannan shekara ta hana farar hula sanya tufafin da suka yi kama da na soja, amma ta ware 'yan sikawut daga hanin. Na biyu, ranar 15 ga watan Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a kan takardar amincewa ta Majalisar Dokokin Tarayya, wadda ta mallaka wa ƙungiyar sunanta da tambarinta ita kaɗai, ta kuma wajabta mata miƙa wa majalisa rahoto kowace shekara. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta rama alheri, domin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, yaranta sun bi gida-gida suna tallar takardun rancen yaƙi na gwamnati.

Ke nan kafin a yi taron ƙasa ko ɗaya, an riga an ƙulla wata irin dangantaka: ƙungiya ta mutane, amma mai ɗauke da hatimin gwamnati.

3.0 Taron Farko: 1935 da 1937

An shirya yin taron farko a birnin Washinton a watan Agusta na 1935, domin bikin cikar ƙungiyar shekara 25. Shugaba Franklin D. Roosevelt da kansa ya gayyaci yaran ta gidan rediyo. Shi dai tsohon masoyin harkar ne, don ya shugabanci gidauniyar sikawut ta birnin New York a shekarun 1920. Majalisa ta yi doka ta musamman wadda ta ba ma'aikatun soja izinin ba da aron tantuna da sauran kayan sansani, aka kuma keɓe filayen gwamnati na tsakiyar birni. Sai dai cutar shan inna ta ɓarke a yankunan da ke kusa da birnin. Ana saura kamar mako biyu a buɗe, bisa shawarar jami'an lafiya, Roosevelt ya ba da sanarwar soke taron. Shi kansa tun 1921 ƙafafunsa suka shanye, saboda haka ba ya bukatar a yi masa bayanin haɗarin tara dubban yara wuri guda a irin wannan lokaci.

Wannan sokewa ta nuna wani abu tun da wuri. Taron na ƙungiya ne, amma tun da fili da kaya na gwamnati ne, bakin shugaban ƙasa ne ya ɗaga shi.

Bayan shekara biyu aka cika alkawari. Daga 30 ga Yuni zuwa 9 ga Yuli, 1937, yara da shugabanninsu fiye da 27,000 suka kafa tantuna a kewayen hasumiyar tunawa da George Washington da bakin kogin Potomac. Dattijon ƙungiyar, Daniel Carter Beard, ya kunna wutar buɗe taro da ƙyastu, da itacen da aka kawo daga jihohi 48 na wancan zamani. Roosevelt ya bi ta tsakanin sahun yaran a cikin mota yana duba su.

Domin a fahimci dalilin da ya sa gwamnati ta ɗauki wannan ɗawainiya, sai an dubi zamanin. Karayar tattalin arziki da ta faro a 1929 ta bar miliyoyin matasa ba aikin yi. A Turai kuwa gwamnatoci sun riga sun mamaye harkar matasa: Tarayyar Sobiyat ta kafa ƙungiyar yara ta jam'iyya a 1922, Italiya ta rusa ƙungiyoyin sikawut a ƙarshen shekarun 1920 ta maye gurbinsu da tata, Jamus kuma ta yi doka a watan Disamba na 1936 wadda ta mai da ƙungiyar matasan Hitler ƙungiyar hukuma ta dukkan matasan ƙasar. Amurka ba ta da irin wannan, kuma tsarinta ba zai karɓe shi ba. Abin da taron Washinton ya ba ta shi ne damar nuna wa duniya dubban yara cikin kaki da ladabi da kishin ƙasa, waɗanda babu wanda ya tilasta musu zuwa, iyayensu ne ma suka biya kuɗin tafiya. Aron tantuna kuɗi ne kaɗan idan aka auna shi da wannan riba.

4.0 Zamanin Yaƙin Cacar Baka

Yaƙin Duniya na Biyu ya hana a sake taro sai 1950. An zaɓi Valley Forge a jihar Pennsylvania, kuma ba a banza ba. Nan ne rundunar George Washington ta yi zaman hunturu mai tsanani tsakanin 1777 da 1778 a yaƙin neman 'yanci, saboda haka wuri ne mai tsarki a tarihin ƙasar. Mutane fiye da 47,000 suka halarta. An buɗe taron ranar 30 ga Yuni, kwana biyar kacal bayan ɓarkewar yaƙin Koriya. Shugaba Harry Truman ya yi jawabin buɗewa, inda ya kwatanta tarbiyyar sikawut da yadda ake sarrafa matasa a ƙasashen kwaminis. Janar Dwight Eisenhower ya yi nasa jawabin ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kai.

Daga nan taron ya zauna da gindinsa, kusan kowace shekara huɗu. An yi a gandun Irvine na Kalifoniya a 1953, aka koma Valley Forge a 1957 da 1964. Na 1960, wanda aka yi a Colorado Springs domin cikar ƙungiyar shekara 50, ya tara mutane fiye da 56,000, kuma Eisenhower ya ziyarce shi a matsayin shugaban ƙasa. Richard Nixon ya je na 1953 da na 1957 yana mataimakin shugaban ƙasa, Lyndon Johnson ya yi jawabi a na 1964. A watan Yuli na 1969, yayin da ake taro a gandun Farragut na jihar Idaho, wanda tsohon sansanin horar da sojojin ruwa ne, Neil Armstrong ya aiko wa yaran gaisuwa daga cikin kumbon Apollo 11 a kan hanyarsa ta zuwa duniyar wata. Shi ma tsohon ɗan sikawut ne da ya kai matakin ƙoli.

A duk waɗannan shekaru, kafin kowane taro sai majalisa ta yi sabuwar doka ta ba da izinin aron kaya. A watan Maris na 1972 aka huta da wannan maimaici, aka yi doka ta dindindin, wadda daga baya ta zama sashe na 2554 na kundi na 10 na dokokin tarayya. Dokar ta ba Sakataren Tsaro ikon ara wa ƙungiyar gadajen tafi-da-gidanka da barguna da kayan girki da tutoci da firji da makamantansu, da kuma ba da hidimar ma'aikata da magunguna ba tare da an biya ba. Ta shar'anta cewa ƙungiyar za ta ba da jingina cewa za a mai da kayan lafiya lau. Abin lura a nan shi ne, dokar ba ta ce kowace ƙungiyar matasa ba. Sunan ƙungiya ɗaya ta ambata. A 1972 babu wanda ya ga aibin haka, domin a lokacin ƙungiyar tana ganiyarta, yaranta sun haura miliyan huɗu. Bayan shekara 27 wannan suna ɗaya tilo shi ya zama ƙofar shari'a.

5.0 Zama a Barikin Soja: 1981 zuwa 2010

Yawo daga wannan gandu zuwa wancan yana da tsada. Kowane sabon wuri sai an ja masa ruwa da lantarki, an fasa hanyoyi, an haƙa makewayi, bayan kwana goma kuma a tattara a tafi. Bayan taron 1973, wanda aka raba gida biyu tsakanin Idaho da Pennsylvania, da na 1977, sai ƙungiyar da rundunar sojan ƙasa suka daidaita a kan wuri guda. Wannan wuri shi ne sansanin Fort A.P. Hill da ke gundumar Caroline a jihar Virginia, fili mai faɗin eka kimanin 76,000. A nan aka yi taro takwas a jere: 1981, 1985, 1989, 1993, 1997, 2001, 2005 da 2010.

Da wannan mataki tallafin ya canja kama. A da kaya ake arawa, yanzu kuwa gida aka ba baƙo. Sojoji ne ke tsaron ƙofofi, su ke kula da asibitin sansani da sadarwa da zirga-zirgar motoci, injiniyoyinsu ke gyaran hanyoyi da bututun ruwa. Takardun da aka gabatar a kotu daga baya sun nuna cewa Ma'aikatar Tsaro tana kashe tsakanin dala miliyan 6 da miliyan 8 a kan kowane taro daga 1997 zuwa 2005.

Me soja ke samu? Hujjarsu biyu ce. Ta farko, gina gari na mutum dubu arba'in cikin 'yan makonni, da ciyar da shi, da kula da lafiyarsa, da rushe shi, atisaye ne irin wanda ake bukata wajen kafa sansanin 'yan gudun hijira ko agaji bayan bala'i. Ta biyu, taron yana haɗa soja da dubban samari masu lafiya da horo, waɗanda shekara biyu ko uku suka rage su kai munzalin shiga aiki. Kowace runduna takan kafa rumfarta, ta baje kolin jirage da motocin yaƙi. Shugabannin ƙasa ma ba su daina zuwa ba: George H. W. Bush ya je a 1989, Bill Clinton a 1997, George W. Bush a 2005.

Taron 2005 ya nuna nauyin da ke tattare da karɓar baƙuncin irin wannan taro. Ranar 25 ga Yuli wasu shugabannin rukuni huɗu da suka zo da yaran jihar Alaska suka rasu, yayin da sandar babban tantin da ake kafawa ta taɓa wayar lantarki. Bayan kwana biyu, mutane kimanin 300 suka jikkata saboda tsananin zafi suna jiran isowar shugaban ƙasa, wanda hadari ya hana shi zuwa a ranar. Likitocin soja da jiragensu ne suka ɗauki yawancin aikin ceto. Masu goyon bayan tallafin suka ce ga amfaninsa nan a fili. Masu suka kuwa a lokacin suna kotu da wata tambaya daban.

6.0 Shari'ar Winkler

Alkawarin da kowane ɗan sikawut na Amurka ke ɗauka ya ƙunshi sauke haƙƙin Ubangiji da na ƙasa. Ƙungiyar ba ta zaɓa wa yaro addini ba, tana karɓar Kirista da Bayahude da Musulmi da mabiyin Buddha, amma ba ta karɓar wanda ya ce bai yarda da samuwar Ubangiji ba. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka kuwa, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana gwamnatin tarayya kafa addinin hukuma, kuma kotuna sun daɗe suna fassara shi da cewa gwamnati ba za ta fifita mai addini a kan marar addini da kuɗin jama'a ba.

A 1999 reshen jihar Illinois na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ya shigar da ƙara a Shikago a madadin wasu masu biyan haraji. Wanda sunansa ya fito a kan ƙarar, Eugene Winkler, limamin cocin Methodist ne, ba mai musun addini ba. Hujjarsa ita ce, addini ba ya bukatar aljihun gwamnati, kuma ba daidai ba ne a ɗauki harajin kowa a yi hidimar da aka rufe wa wasu yara ƙofarta saboda aƙida.

Ana cikin wannan sai wata shari'a ta ƙara wa muhawarar zafi. Ranar 28 ga Yuni, 2000, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan huɗu, a ƙarar da ke tsakanin ƙungiyar da wani mataimakin shugaban rukuni, James Dale, wanda aka sallama bayan an san cewa ɗan luwaɗi ne. Kotun ta ce ƙungiyar mai zaman kanta ce, tana da 'yancin zaɓen wanda zai shugabanci yaranta, dokar jiha ta hana wariya ba za ta tilasta mata ba. Ƙungiyar ta yi nasara, amma nasarar ta ba abokan hamayya makami. Suka ce, idan ke ta kanki ce a ranar zaɓen mambobi, yaya kika zama ta ƙasa a ranar karɓar tallafi? Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kusan wannan ita ce hujjar masu ƙara a dunƙule.

A watan Nuwamba na 2004 Ma'aikatar Tsaro ta sasanta a kan wani ɓangare na ƙarar, ta yarda barikokin soja su daina ɗaukar nauyin rukunonin sikawut da sunan hukuma. A 2005 kuma mai shari'a Blanche Manning ta babbar kotun tarayya da ke Shikago ta yanke cewa dokar 1972 ta saɓa wa tsarin mulki, domin ta keɓe taimako ga ƙungiya ɗaya mai sharaɗin addini. Ta hana kashe kuɗi a nan gaba, amma ta bar taron 2005 ya gudana.

Majalisa ta mai da martani cikin gaggawa. A watan Yuli na 2005 Majalisar Dattawa ta amince, da ƙuri'a 98 babu ko ɗaya mai adawa, da wani ƙuduri na goyon bayan 'yan sikawut wanda shugaban masu rinjaye, Bill Frist, ya gabatar. Shugaba Bush ya sa masa hannu a ƙarshen watan Disamba. An kuma ƙara wa dokar taron wani sharaɗi: tallafin soja ga kowane taro kada ya gaza na wanda ya gabace shi, sai fa idan Sakataren Tsaro ya tabbatar cewa yin hakan zai cutar da tsaron ƙasa, ya kuma sanar da majalisa. Abin da a da izini ne, yanzu ya zama wajibi mai ƙofar fita ɗaya.

Ranar 4 ga Afrilu, 2007, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta bakwai ta rushe hukuncin Manning. Yana da muhimmanci a lura da dalilinta. Kotun ba ta ce tallafin ya dace da tsarin mulki ba. Cewa ta yi masu ƙara ba su da hurumin shigar da ita tun farko. A ƙa'idar Amurka, biyan haraji kaɗai ba ya ba mutum damar ƙalubalantar yadda gwamnati ke kashe kuɗi. Shari'ar Flast ta 1968 ta buɗe 'yar ƙofa ga wanda ke ƙorafin cewa majalisa ta yi amfani da ikonta na haraji da kashe kuɗi wajen tallafa wa addini. Wata shari'a ta 1982, wadda ta shafi wani tsohon asibitin soja da aka mallaka wa wata kwalejin Kirista a yankin Valley Forge, ta taƙaita wannan ƙofa, ta ce ba ta shafi yadda gwamnati ke sarrafa kadarorinta ba. Mai shari'a Diane Wood, wadda ta rubuta hukuncin 2007, ta ga cewa dokar taron ta fi karkata ga ikon majalisa a kan soja da kadarori. Da haka shari'ar shekara takwas ta ƙare, ba tare da babbar kotu ta amsa ainihin tambayar ba.

7.0 Gida na Kai da Sababbin Matsaloli

Ƙungiyar ta tsira a kotu, amma ta ɗauki darasi. Zanen aro ba ya rufe katara: taron da ke zaune a filin soja kullum yana hannun alƙali da 'yan majalisa da bukatun yaƙi. A 2009 ta ba da sanarwar mallakar fili mai faɗin eka kimanin 10,600 a tsaunukan jihar West Virginia, kusa da kwazazzabon kogin New River, yankin da a da ake haƙar kwal. Gidauniyar attajiri Stephen D. Bechtel Jr. ta ba da dala miliyan 50, aka sa wa wurin suna Summit Bechtel. Taron 2010, na cikar ƙungiyar shekara 100, shi ne na ƙarshe a barikin Virginia. Shugaba Barack Obama ya aiko da saƙon bidiyo, Sakataren Tsaro Robert Gates kuwa, wanda sunansa ne a kan ƙarar 2007 a matsayin wanda ake ƙara, ya je da kansa. Gates ɗin nan shi ya zama shugaban ƙungiyar daga 2014 zuwa 2016, kuma a zamaninsa, a 2015, aka janye hanin da ya jawo shari'ar Dale. Sharaɗin imani da Ubangiji dai ba a taɓa shi ba a wannan sauyi.

Komawa sabon gida a 2013 bai raba taron da gwamnati ba. Dokar 1972 tana nan, kuma sojojin tarayya da dakarun tsaro na jihar West Virginia sun ci gaba da kula da lafiya da tsaro da sufuri. Dandalin shugaban ƙasa ma yana nan, kuma a 2017 ya nuna ɗaya fuskarsa. Ranar 24 ga Yuli Shugaba Donald Trump ya yi wa dubban yara jawabin da ya cika da zancen zaɓe da sukar abokan hamayyarsa. Iyaye da yawa suka fusata, har babban jami'in ƙungiyar, Michael Surbaugh, ya fito bayan kwana uku ya ba su haƙuri. Ƙungiyar da ta yi shekara 80 tana cin moriyar ziyarar shugabanni ta gane cewa ba ita ke da iko da abin da babban baƙo zai faɗa ba.

Daga nan matsaloli suka yi ta biyo juna. A watan Fabrairu na 2020 ƙungiyar ta nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, sakamakon ƙararrakin waɗanda aka yi lalata da su suna yara a hannun wasu shugabannin rukuni. Masu da'awa sun haura 82,000, aka kuma kafa asusun diyya na kimanin dala biliyan 2.4. Annobar korona ta sa aka ɗage taron 2021, kamar yadda shan inna ta ɗage na 1935. Da aka yi shi a 2023, mahalarta kimanin 15,000 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na taron 1960. A gefe guda ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga 'yan mata a 2018 da 2019, ranar 8 ga Fabrairu, 2025 kuma ta koma amfani da sunan Scouting America.

Waɗannan sauye-sauye sun juya akalar suka. A watan Nuwamba na 2025 gidan rediyon NPR ya ba da rahoton wani daftarin takarda daga ofishin Sakataren Tsaro Pete Hegseth, wanda ke ba da shawarar yanke hulɗa da ƙungiyar da janye tallafin taron, bisa zargin ta bar tafarkinta na tarbiyyar yara maza. Ƙofar da daftarin ya nufa ita ce ta tsaron ƙasa, wadda majalisa ta bari a buɗe lokacin da take ƙoƙarin kare taron daga kotu. A 1999 an nemi a yanke tallafin don ƙungiyar ta ƙi buɗe ƙofarta. Bayan shekara 26 aka yi barazanar yanke shi don ta buɗe.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tallafin ya bi matakai huɗu: aron kaya bisa dokar wucin gadi daga 1935, doka ta dindindin daga 1972, masauki a barikin soja daga 1981, da wajabcin doka bayan rikicin 2005. A kowane mataki abin da gwamnati ke bayarwa ya ƙaru, haka kuma yawan masu ganin suna da haƙƙin faɗa wa ƙungiyar yadda za ta tafiyar da kanta.

Ba za a musa amfanin tallafin ba. In ba don tantuna da likitoci da injiniyoyin soja ba, da wuya ƙungiya mai dogaro da 'yan sa-kai ta iya tara yara dubu arba'in ko hamsin a daji ta mai da su gida lafiya. Gwamnati ita ma ba ta yi asara ba, domin ta sami abin da wasu ƙasashe suka nema da ƙarfin doka, ba tare da ta kafa ƙungiyar matasa ta hukuma ba. Sai dai wannan tsari yana tafiya lami lafiya ne kawai muddin jama'a sun yi ittifaƙi a kan irin tarbiyyar da ta dace da yaro. A 1937 da 1950 akwai wannan ittifaƙi, ko kuma waɗanda ba su yarda ba ba su da murya. Da ya wargaje, sai taron ya zama fagen da kowane ɓangare ke gwada ƙarfinsa, kuɗin tallafi kuma ya zama sandar da ke hannun duk wanda ke riƙe da mulki a lokacin. Tambayar da kotun 2007 ta kauce wa, wato ko ƙungiya za ta iya zama mai cikakken iko da ƙofarta alhali tana cin gajiyar baitulmali, ita ce dai ta sake tasowa a 2025 daga wani ɓangare na daban.